Kan Inna a Cikin Akwatina

Abu na farko da ƙasar Sudan ta tambaye ni shi ne kan waye na ɗauko. A filin jirgin Khartum ne. Wani jami'in kwastan ya zazzage akwatina, ya wuce kilishi da daddawa da 'yan littattafaina, ya zaro wani babban ambulan daga ƙasan kaya. Ya ɗaga baƙin fim ɗin da ke ciki ya haska da fitila, sai ga ƙoƙon kai jere, yanki-yanki, kamar an yanka kabewa an shanya. Larabcina na zaure ne, ya isa karatun alwala da rabon gado, bai isa gardama da kwastan ba. Na dai ce masa ummi, na nuna kaina. Ya dube ni, ya dubi fim, ya mayar da shi cikin ambulan da hannu biyu, ya ce Allah Ya ba ta lafiya. Har yau ban manta da hannu biyun nan ba.

Sunana Haliru, mutumin Gummi. Aikina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma a Anka na fara shi, a shekarun da gubar dalma ta yi ɓarna a ƙauyukanmu. Na ga yaran Tungar Guru ana kawo su suna jijjiga, mu kuma injinmu ƙashi kawai yake gani, abin da ke cikin kai sai dai mu yi addu'a. Tun lokacin na ƙudurta sai na koyi aikin injin sikan, wanda ke leƙa ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutane. Dalilin da ya tashe ni da gaske yana cikin ambulan ɗin nan.

Inna, mahaifiyata, ta faɗi a bakin rijiya, ba santsi, ba tuntuɓe. Muka kai ta Sakkwato aka ɗauki hoton kanta. A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wasu ramuka masu ruwa garai-garai, a hoto za ka gan su baƙaƙe kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Likita ya ce na Inna sun ɗan faɗaɗa. Mai yiwuwa tsufa ne, don ramukan kowa suna buɗewa da shekaru. Mai yiwuwa kuma ruwa ne ke taruwa yana danne ƙwaƙwalwa, wanda idan an gano da wuri ana iya sa siririn bututu a rage shi. Ya ce a dawo da ita idan an ga wani canji. Inna ta gyara lulluɓinta ta ce ita lafiyarta lau, a mayar da ita gida.

Sai na yi bayanin yadda muke da Inna, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ni ne ɗan fari, ita kuma Bafillatana ce ta wajen Gwashi, kun ga kunya ta hau kan kunya. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina zaune gabanta za ta kira ƙanena ta ce, "Lawali, hwaɗa ma wancan, tuwo shina hucewa." Idan ba kowa a gidan, sai ta faɗa wa bango. Ina yaro na sha kuka a kan wannan, na ɗauka ba ta sona, sai kakata ta nuna mini cewa naman da ke ƙasan tuwona ya fi na kowa girma. Mu duka maza ta haifa. Ba ta da 'ya mace, 'yar uwarta ɗaya ta rasu, matan da ke gidan kuwa surukai ne, su ma da tasu kunyar.

A Khartum wanda ya fara cutata ɗan ƙasarmu ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tun ina gida muke waya, ya ce ya kama mini ɗaki, zai tarbe ni, zai raka ni har makaranta. Na tura masa abin da ya nema. Na sauka ban gan shi ba, wayarsa a kashe. Adireshin da ya ba ni na bi shi da tambaya har na same shi, shagon gyaran firji ne, mai shagon bai taɓa jin sunansa ba. Na tsaya a bakin titi da akwati ina zagin mutumin da Hausa, da ƙarfi, tunda ba mai ji. Masallacin kasuwa ne ya zama masaukina. Ina tada kai da akwati saboda kan Inna, kada ya lanƙwashe. Akwai wata mai shayi a ƙofar masallacin, kullum da safe sai ta miƙo mini kofi da soyayyen fanke, in na sa hannu a aljihu ta harare ni. Ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba, tana dai ce mini ɗan Najeriya.

Da na gano makarantar ashe ma ba a Khartum sashen namu yake ba, a Madani yake, sai na hau bas. Hanyar ta ratsa gonakin auduga da magudanan ruwa, kore shar, har na riƙa ganin kamar fadamar Gummi ce bayan ruwa ya janye. Kewar gida a nan ta fara kama ni sosai. Na tuna ƙanshin shinkafa sabuwar sussuka, na tuna furar Inna mai yaji da take damawa ta aiko Lawali da ita. Wanda ke kusa da ni a bas ya ga ina share ido, ya ɗauka yunwa ce, ya tsaga burodinsa ya ba ni rabi.

A Madani na yi makonni ina cin wake da burodi safe da yamma, ina kwana a ɗakin wasu ɗalibai da suka yi mini alfarmar tabarma. Wata rana da la'asar ina yawo a kasuwa, hancina ya kama ƙanshin ƙuli-ƙuli a kan wuta. Na bi shi har gaban wani mai nama, ina jin Larabawa suna ce masa a ba su agashe. Na maimaita kalmar a raina, a gashe, sai na ce ai wannan tamu ce. Na ce masa da Hausa a gasa mini ni ma. Ya ajiye wuƙa ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan ina na?" Da na ce Gummi, sai ya ƙi sayar mini, ya ce in zauna in ci. Da ya tashi kasuwa ya ja ni zuwa unguwarsu, gidan gwaggonsa Hajja Zainabu.

Kakannin Hajja da ƙafa suka bar ƙasar Sakkwato za su Makka, suka yada zango a bakin kogin da ke gefen garin, zangon ya zama unguwa. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausar da ke bakinta rabona da jin irinta tun rasuwar kakata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame awa karan dawa, ta sa aka share mini ɗakin da ke kusa da zaure. Mace ce mai faɗa. Ta yi mini faɗa a kan wanki, a kan barin abinci, a kan yadda nake gaisuwa a tsaye kamar soja. Ni kuwa faɗan daɗi yake mini, don ban saba tsohuwa ta dube ni ido da ido ta kira sunana ba.

Malamina a asibiti Dakta Siddiƙ ne, gajere mai saurin fushi. Aikin da ya ba ni na ɗauka raini ne. Ya ce in zauna gaban kwamfuta in auna kawunan masu lafiya, wato manyan da aka ɗauki hotonsu saboda ciwon kai ko ɗan hatsari aka duba ba a sami komai ba. Na ce masa ni cuta na zo koyo. Ya ce wanda bai san faɗin ramin mai lafiya ba, da me zai gane na maras lafiya? Ma'aunin da ke cikin littattafai, in ji shi, a kan kawunan wasu ƙasashe aka ɗauke shi, ba wanda ya zo ya auna namu. Shi awon ba wuya. Ka nemi yankin da ƙahonnin ramukan na gaba suka fi buɗewa, ka ja layi daga gefe zuwa gefe. Ka ja wani layin a inda ƙoƙon kai ya fi faɗi daga ciki. Ka raba na farko da na biyu. Idan ya haura kashi uku cikin goma, littafi ya ce a sa ido. Haka na yi ta yi, kai bayan kai, na maza daban, na mata daban, matasa da tsofaffi, har idona ya koyi gane shekarun mutum daga fikafikan nan kafin in duba.

Sai da na yi watanni kafin na yi ƙarfin halin kai masa ambulan. Ya manna fim ɗin a jikin fitila, ya auna da kansa, ya sake aunawa. Na Inna ya haura layin, amma da kaɗan, kuma cikin tsofaffin da na auna akwai masu lafiya da suka matso kusa da nan. Ya ce hoto ba ya magana shi kaɗai, tambaya uku ake haɗa masa. Yaya tafiyarta, yaya tunaninta, kuma tana iya riƙe fitsari? Ya ce in kira ta in tambaye ta. Dariya ta kuɓuce mini, irin ta takaici. Ya fusata ya ce ai mahaifiyata ce. Na ce masa shi ya sa.

Duk Juma'a bayan an sauko nake kiran gida. Lawali ke riƙe waya, Inna ba ta karɓa, sai dai in jiyo ta daga nesa tana cewa a ce mini lahiya lau. Tambaya ta farko Lawali ya amsa mini ita: tana jan ƙafa kamar an liƙe ta da ƙasa, in za ta juya sai ta yi ta ƙananan taku. Ta uku na matsa masa ya yi, ya yi ta kewaye-kewaye ya tambaya, ta kore shi daga ɗakin ta ce ba shi da kunya. Na ce a mayar da ita Sakkwato. Dangi suka ce tsufa ne, hanya kuma ba tabbas, ba za a jijjiga tsohuwa a mota ba alhali ita da bakinta ta ce lafiyarta lau. Na yi wa Lawali ihu a waya har Hajja ta leƙo. Bawan Allah ya bar ni na gama, sannan ya ce in ina da yadda zan sa Inna ta shiga mota, in zo in sa ta. Ranar na zayyana wa Hajja komai, da ramukan, da bututun, da tambayoyi ukun.

Wata Juma'a na kira, ina tsaye a harabar asibiti. Na ji an karɓi waya daga hannun Lawali, sai numfashi, sai muryar Inna a cikin kunnena, kusa, yadda ban taɓa jin ta ba.

"Haliru? Haliru, kai na? Ina kat tahi tun da sahe, ba ka ci komi ba?"

Tun ina yaro nake jiran wannan kiran, sai ga shi ya zo. Na zauna a kan dakali. Na ce na'am Inna, ga ni, yanzu zan dawo. Wani abokin karatuna, Balaraben Sudan, ya ga ina hawaye ya tambaya, na ce mahaifiyata ce ta kira sunana. Ya dafa kafaɗata ya ce kewa ce, in gode wa Allah ina da uwa mai kirana. Ban iya yi masa bayani ba. Matar da ta riƙe bakinta tun ranar da aka raɗa mini suna, in har ta saki, to abin da ke riƙe da ita ne ya fara kwancewa. Tambaya ta biyu ta amsa kanta.

Na iske Hajja a tsakar gida tana shafa ƙullin kisra, siririyar wainarsu, a kan tanda. Na ce mata Inna ta kira sunana. Ba ta ce in maimaita ba. Ta janye itacen daga wuta, ta goge hannu, ta ce, "Ba kai na ɗan hwari ba?" Na ce ni ne. Ta yi salati a hankali. A duk ƙasar nan ita kaɗai ta san abin da na ji.

Washegari da hantsi ta ce in kira mata Lawali. Ta ce masa ya kai wa tsohuwa waya ya fita ya jawo ƙofa, ni kuma ta ce in tafi wajen mai agashe kada ta ga ƙeyata sai azahar. Na je na zauna ina kallon wuta, na kasa cin ko yanka ɗaya. Ina ta tunanin Inna za ta ajiye wayar, ko ta ce lahiya lau kamar kullum, ko kuma ranar ta zamo cikin ranakun da ba ta gane kowa.

Da na dawo Hajja tana zaune, idonta ja. Kaɗan ta faɗa mini, sauran daga baya na tsinta. Ta fara ne da asali, ta ce ita baƙuwa ce daga gabas, kakanninta mutanen ƙasar Inna ne, tana so a ba ta labarin gida. Inna ta yi ta ba ta labarin Gwashi, da mashekari, da yadda ake kiran shanu da suna. Sannan Hajja ta kawo nata ciwuwwukan na tsufa, har waɗanda ba a faɗa, ta shimfiɗa su duka ba ta rage ba. Sai da ta gama, sannan Inna ta fara nata. Amsar tambaya ta uku ce, kuma abin ya daɗe. Shi ya sa ta daina zuwa suna da gaisuwar mutuwa, ta rage shan ruwa, take wanke zannuwanta da kanta tana shanyawa a bayan ɗaki. Kullum tana cikin shakkar alwalarta. Ta ɗauka Allah ne ke yaye mata sutura a ƙarshen rayuwa, ta gwammace ta mutu da abin a cikinta. Hajja ta ce mata ciwo ne, ruwa ne a kai, da shi da jan ƙafar da mantuwar duk uwarsu ɗaya, kuma akwai masu cire shi.

"Ta yarda ta tahi Sakkwato," in ji Hajja. Ta nuna ni da yatsa. "Amma kai ba ka ji komi ba. Ko a lahira kunka gamu, ba ka ji ba."

Da Inna ta ce a kai ta, ba wanda ya sake kawo zancen hanya. A Sakkwato suka fara zuƙar ruwa kaɗan ta bayanta don gwaji. Lawali ya kira ni yana haki, ya ce ta taka har bakin ƙofa tana ɗaga ƙafa kamar mutum. Daga nan aka sa ranar aikin sa bututu. Ban samu zuwa ba, karatu bai ƙare ba, guzuri kuma na komawa ɗaya ne. Ranar da aka shiga da ita ina gaban kwamfuta ina jan layi a kan wani tsoho da ban sani ba, na ja na goge, na ja na goge. Dakta Siddiƙ ya zo ya tsaya a bayana, na jira faɗa. Sai ya kashe kwamfutar ya ce in tashi mu je shan shayi. Muna can Lawali ya kira ya ce an fito lafiya.

Da na gama karatu Hajja ta ba ni lafaya ruwan toka in kai wa Inna, ta raka ni har bakin titi tana faɗan na ɗaure akwati kamar wanda bai taɓa tafiya ba. Na isa Gummi da yamma, ana ta shigo da awaki. Na yi sallama gabana yana faɗuwa. Inna tana tsakar gida a tsaye, da faifai a hannu tana bakace. Ta ɗago ta gan ni. Na durƙusa ina jiran abin da zai fito daga bakinta. Sai ta kawar da kai wajen rumbu, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Lawali," ta ce, "ba baƙonku ruwa, ya sha hanya."

Ban taɓa jin daɗin magana kamar wannan ba. Na yi dariya har da hawaye, Lawali yana taya ni, ita kuwa ta ci gaba da bakacenta kamar ba da ita ake ba. Da aka kawo tuwo na tona ƙasa, naman yana nan.

Inna ta ƙara shekaru masu kyau. Ta koma zuwa suna, ta yi goyon jikoki, ta sa lafayar nan ranar Salla. Ba mu taɓa tada zancen ba, ni da ita, kuma ba ta sake kuskuren sunana ba har Allah Ya karɓi abarsa. Madani kuwa yaƙi ya ci ta bayan na baro. Lambar Hajja ta daina shiga, ta mai agashe ma haka, na tambayi duk wanda ya fito daga can ba wanda ya san inda suka nufa. Ina mata addu'a tare da Inna, ban san ko ta masu rai zan yi ko ta matattu ba, sai na haɗa duka.

Yanzu kawunan mutanenmu nake aunawa, na Anka da Bukkuyum da Gummi, duk wanda aka ɗauka aka ga lafiyarsa lau, don wata rana likita ya dubi hoton tsohuwarmu da ma'aunin gida. Idan ɗa ya kawo mahaifiyarsa, kafin komai nakan tambaye shi ko shi ne na fari. In ya ce e, sai in ce ya jira a waje, in nemo wata dattijuwa cikin ma'aikata ta zauna da ita.

Ambulan ɗin yana nan a ƙasan akwatin da ya je Sudan ya dawo. Wani lokaci nakan ɗauko fim ɗin in ɗaga shi a taga, ba don in auna ba, awon na haddace. Ranar Juma'ar nan nake tunawa, da dakalin asibiti, da numfashinta a waya. Na sani sarai ciwo ne ya kira ni ranar, ba Inna ba, kuma na gode wa Allah da Ya raba ta da shi. Amma da muryarta ya kira.